Sunny Ojeagbase: Tsohon Sojan Da Ya Mayar Da Shafin Baya Jarida Sukutum

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai sayar da jarida a Kafanchan, ko a mararrabar Gidan Waya inda motocin Jos ke tsayawa ɗaukar fasinja, ya san wata ɗabi'a ta samarin yankin. Idan yaro ya ɗauki jarida, ba ya duba fuskarta. Juya ta yake yi ya fara daga baya. Shugaban ƙasa da gwamna da farashin mai duk su jira, sai an ga wa ya ci, wa ya sha kashi, wa aka bai wa jan kati. Wasu ma ko kwabo ba su da shi a aljihu. Su ne ake yi wa laƙabi da masu karatun kyauta, waɗanda sukan kewaye teburin tun hantsi suna gardama har mai jaridar ya gaji ya kore su, gobe kuma su dawo.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan samari suka san sunan mutumin da ya lura da wannan ɗabi'a tun fiye da shekara arba'in da suka wuce, ya ce tunda daga baya mutane ke fara karatu, bari a yi musu jaridar da gaba da bayanta duk wasanni ne. Sunansa Emmanuel Sunny Ojeagbase. Ya rasu ranar Asabar, 26 ga Fabrairu, 2022, a birnin Atlanta na Amurka, yana da shekara 71. Ba ɗan Kudancin Kaduna ba ne, kuma a Legas ya yi rayuwar aikinsa. Amma jaridarsa ta Complete Sports ta shiga ɗakunan kwanan ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ta shiga rumfunan masu aski da garejin kanikawa, ta kuma koya wa yara da yawa son karatu fiye da yadda bulalar malami ta iya.

Daga maɗaba'a zuwa bariki

An haife shi a Osogbo ranar 31 ga Disamba, 1950. Karatunsa na boko a ƙuruciya a firamare ya tsaya, domin gidansu ba su da halin tura shi gaba. Sai aka kai shi koyon aikin ɗab'i. A wancan zamani aikin maɗaba'a aiki ne na yatsu da ido: yaro ya riƙa tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yana jera su a juye, har su zama layi, layi ya zama shafi. Idan harafi ɗaya ya kuskure, sai an kwance a sake. Wanda ya tashi a wannan sana'a yakan san nauyin kalma tun kafin ya san daɗinta, yakan kuma san cewa takarda da tawada kuɗi ne. Waɗannan darussa biyu sun yi masa rana daga baya.

A 1969, yaƙin basasa na ci, ya shiga aikin soja. Ya yi kusan shekara goma cikin kaki a matsayin ƙaramin soja, kuma tun yana bariki ya fara rubuta rahoton wasanni yana aika wa jaridu. Irin wannan wakili ba shi da albashi. Idan labarinsa ya fito a biya shi ɗan abin da ya samu, idan bai fito ba ya yi asarar takarda da kuɗin mota. A ƙarshen shekarun 1970 ya ajiye kaki ya shiga Daily Times, wadda a lokacin ita ce uwar jaridun Najeriya, an kuma kafa ta tun 1926.

Shigarsa aikin ta zo daidai da lokacin da ƙwallon Najeriya ke tashe. Ranar 22 ga Maris, 1980, Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a babban filin wasa na Surulere, ta ɗauki Kofin Afirka karon farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Christian Chukwu ya ɗaga kofin, Shugaba Shehu Shagari ya raba wa 'yan wasan gidaje da motoci. A cikin wannan wata na Maris ne attajiri M.K.O. Abiola ya fito da jaridarsa ta Concord, kuma can Ojeagbase ya koma ya riƙe shafukan wasanni na fitowar ranar Lahadi. Da Alex Ibru ya kafa The Guardian a 1983, ya tara gwanayen alƙalami daga ko'ina, shi aka damƙa wa teburin wasanni. Yaron da bai taka sakandare ba ya zama editan wasanni a jaridar da farfesoshi ke alfahari da rubutu a cikinta.

Aikin da ba a ganin mai yin sa

Mai karatu yana ganin sunan wakilin da ya rubuta labari, amma da wuya ya san editan da ya gyara shi. A ɗakin labarai na wancan zamani, editan wasanni shi ne mutumin da ya fi kowa daɗewa a ofis. Labarin siyasa yakan kammala da la'asar. Wasa kuwa sai ƙarfe huɗu ake take shi, a tashi gab da magariba. Wakilin da ke Filin Wasa na Ahmadu Bello a Kaduna, ko na Jos, ko na Sabon Gari a Kano, sai ya ruga neman waya, ya yi ta bugawa har layi ya shiga, ya karanto labarinsa da ƙarfi wani yana bugawa a tafireta a Legas. Edita na tsaye a kansa, shugaban maɗaba'a na leƙowa yana nuna agogo, direbobin da za su kwana a hanya da jarida suna ɗumama mota.

A cikin wannan ɗan taƙin lokaci edita zai tabbatar da wanda ya ci ƙwallo da mintin da ya ci, ya gyara sunayen da waya ta cinye, ya zaɓi hoto, ya yanke labari ya dace da gurbin da talla ta bari, sannan ya ƙirƙiro kan labarin da zai sa mai wucewa ya tsaya. Kuskure a shafin siyasa yakan wuce ba a lura ba. A shafin wasanni kuwa, mutum dubu ashirin ne suka ga abin da idonsu, kowannensu kuma alƙali ne.

Duk da wannan wahala, a yawancin gidajen jarida ana ɗaukar teburin wasanni a matsayin ƙaramin ɗaki. Shafi biyu ko uku ake ba shi, idan talla ta yi yawa shi ake fara ragewa. Wakilan wasanni suna da ƙungiyarsu ta SWAN tun 1964, amma wannan bai sa masu jaridu sun ɗauke su da daraja ɗaya da masu rubutun siyasa ba. Ojeagbase ya ga abin da masu gidan ba su gani ba: shafin da suke rainawa shi ne yake sayar musu da jarida a tasha da kasuwa.

Shekarar 1984: miji da mata da ɗan ƙaramin jari

Babu mai hankalin da zai ba mutum shawarar barin albashi ya kafa jarida a 1984. Sojoji sun karɓi mulki a jajibirin shekarar, tattalin arziki ya tsuke, takardar buga jarida daga waje ake shigo da ita sai da lasisi. A shekarar ne Doka ta 4 ta gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor, abokan aikinsa a The Guardian, gidan yari. A ƙarshen wannan shekara Ojeagbase ya fito da Sports Souvenir, jaridar mako-mako wadda ba ta ɗauke da komai sai wasanni.

Bai yi shi kaɗai ba. Matarsa Esther ce abokiyar kafa kamfanin, kuma haka sunansu ya riƙa tafiya tare a duk abin da suka kafa daga baya. Wannan shi ne ɓangaren tarihinsa da ya kamata 'yan jarida su tsaya a kai, domin aikin jarida, musamman na wasanni, maƙiyin zaman gida ne. Ranakun da sauran magidanta ke hutawa da iyali, Asabar da Lahadi, su ne ranakun da aiki ya fi zafi. Lokacin da yara ke cin tuwon dare uba yana ofis, lokacin da ya dawo sun yi barci, da safe sun tafi makaranta shi kuma bai farka ba. Idan gasar Kofin Afirka ta zo, sai ya yi wata guda a wata ƙasa. Gidaje da yawa na ma'aikatan jarida sun tashi da uban da ake ganin sunansa a takarda fiye da yadda ake ganin fuskarsa a tsakar gida.

Ojeagbase ya shigo da gida cikin sana'a. Matar da wani zai bari tana jiran dawowarsa ita ce ta san bashin maɗaba'a, ta san abin da dillalai suka dawo da shi ba a sayar ba, ta san watan da albashin ma'aikata zai yi wuya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wurinsu maganar ta wuce karin magana, ta zama tsarin kamfani. Shi ya sa da ya rasu, ba a iya ba da labarinsa ba tare da an ambaci sunanta a layi na biyu ba.

Sa'a ta bi ƙoƙari. A watan Agustan 1985 yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 16, ƙarƙashin kyaftin Nduka Ugbade, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a China suka ɗauko kofin duniya na farko na wannan rukuni. Ƙasa ta rikice da murna, kowa yana son hoton yaran da tarihinsu. A wannan shekara mujallar Complete Football ta fito, mai launi, mai manyan hotunan da samari ke cirewa su manna a bango. Odegbami, wanda ya rataye takalmansa, ya shiga tafiyar kamfanin. Daga baya aka samu matasa irin su Mumini Alao, wanda ya tashi a gidan har ya zama edita kuma jagoran kamfanin.

Yadda yaran Kaduna suka shiga bangon ɗakuna

Abin da ya ɗaure mai karatu na Arewa da mujallar shi ne labarin 'yan wasan da suka tsallaka Turai. Stephen Keshi ya buɗe ƙofar Beljiyam a 1986, matasa suka bi sahu. A lokacin babu intanet, tauraron ɗan Adam sai gidan wane da wane, rediyo kuma sakamako kawai yake bayarwa. Idan kana son ka san yadda ɗan unguwarku yake rayuwa cikin ƙanƙara, me yake ci, nawa aka saye shi, sai ka nemi Complete Football.

Kaduna kuwa tana da 'ya'ya a can. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees, ƙungiyar da Alhaji Mukhtar Aruwa ya ɗauki nauyinta, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988 ta sha kashi a hannun Bizerte ta Tunisiya, ta kuma ɗauki kofin WAFU a 1989. Daga can ya tafi Club Brugge, ya ci ƙwallon farko a zagayen rukuni na sabuwar Gasar Zakarun Turai a 1992, ya koma Everton ya ɗauki kofin FA a 1995. Tijjani Babangida ya bi ta Roda ya isa Ajax. Garba Lawal ma ya taka leda a Roda. Celestine Babayaro ya tashi daga Anderlecht zuwa Chelsea. Yaron da ke buga ƙwallon tsumma a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi yana kallon hotunansu ya san cewa waɗannan mutane daga jiharsa suka fito, Hausar da yake ji suke ji.

Shekarar 1994 ita ce ƙololuwa. Super Eagles ta doke Zambiya 2 da 1 a Tunis ta ɗauki Kofin Afirka na biyu, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun. Bayan wata biyu ta je Kofin Duniya karon farko a Amurka, Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya kama raga yana ihu, Amokachi ya ƙara na biyu. Ƙishirwar labarin ƙwallo ta kai inda mujallar wata-wata da jaridar mako-mako ba za su iya kashe ta ba. A watan Disamban 1995 Ojeagbase ya fito da Complete Sports, jaridar wasanni zalla ta kullum ta farko a Najeriya.

Nan ma lokacin bai yi kama da na fara kasuwanci ba. Wata guda kafin nan gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, duniya ta juya wa Najeriya baya, rikici da Afirka ta Kudu ya sa aka janye Super Eagles daga Kofin Afirka na 1996, hukumar CAF kuma ta hana ta shiga na 1998. Sabuwar jaridar ƙwallo ta wayi gari babbar ƙungiyar ƙasar tana zaune a gida. Sai ga gasar Olamfik ta Atlanta. Najeriya tana baya da ci 3 da 1 a hannun Brazil, ta farke, Nwankwo Kanu ya ci ƙwallon zinare aka tashi 4 da 3. Ranar 3 ga Agusta, 1996, ta doke Ajantina 3 da 2. Celestine Babayaro ya ci na farko, Amokachi ya ci na biyu, Amunike ya rufe. A tawagar akwai Babangida da Garba Lawal da Emmanuel Babayaro. 'Yan Kaduna biyar ke nan da lambar zinare a wuya. Bayan shekara 26, a birnin da wannan gasa ke ɗauke da sunansa mai jaridar ya cika.

Jaridar talaka

Sirrin Complete Sports bai wuce abu uku ba: araha, sauƙin harshe, da girmama mai karatu. Shafukanta kaɗan ne, kuɗinta bai kai na manyan jaridu ba, don haka ɗan acaba da ɗalibi da mai faci suna iya saye. Turancinta ba ya buƙatar ƙamus. Ga jadawalin gasa, ga sakamako, ga wanda za a sayar da wanda za a saya. Mutumin da ya bar makaranta a firamare bai manta da irinsa ba da ya zama mai jarida.

A garuruwa irin Gidan Waya, kwafi ɗaya yakan yi yawo hannu goma. Jaridar Legas ba ta isowa da sassafe, wani lokaci ma ta jiya ake karantawa yau, amma wannan bai rage mata daraja ba. Ɗalibi ya saya, ɗaki ya karanta, a ba maƙwabta, daga ƙarshe ta ƙare a hannun mai ƙosai. Malaman makaranta da yawa za su shaida cewa akwai yaran da ba a taɓa ganin su da littafin adabi ba, amma suna iya karanta shafi guda na labarin Arsenal ba tuntuɓe. Daga sunayen ƙungiyoyi suka san inda Marseille da Eindhoven da Istanbul suke. Daga jadawalin maki da bambancin ƙwallaye suka yi lissafin da ya gagare su a allo.

A tsakiyar shekarun 1990 shi da matarsa suka buɗe wani babi. Suka kafa cibiyar koyar da dogaro da kai mai suna Success Attitude Development Centre, da mujallar Success Digest, inda suke koya wa matasa yadda ake fara sana'a da ɗan abin da ke hannu. A shekarunsa na ƙarshe an fi saninsa da wannan aiki da kuma hidimar coci, domin shi da ita duk fastoci ne. Ya saki ragamar jaridar ga waɗanda ya horar tun yana da rai da lafiya, abin da ya gagari masu jaridu da dama a ƙasar nan. Concord ta Abiola ta mutu bayan mai ita. Complete Sports kuwa ta ci gaba da fitowa bayan nata mai gidan. Da labarin rasuwarsa ya bazu, cikin masu ta'aziyya har da Shugaba Buhari, mutumin da ke mulki a shekarar da ya fara da ɗan jarinsa.

Namu shafin bayan fa?

Tuna Ojeagbase daga Kudancin Kaduna yana zuwa da wani ɗaci. Jaridarsa ta ba mu labarin 'ya'yanmu bayan sun isa Legas ko Turai. Labarinsu kafin su isa can, da na dubban da ba su isa ba, wannan aikinmu ne, kuma ba mu yi ba.

Arewa ba ta rasa tarihin ƙwallo ba. Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa tun 1953. Mighty Jets ta Jos, ƙungiyar Alhaji Isyaku Ibrahim, ita ce zakarar farko ta gasar lig ta ƙasa a 1972, da 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo. Raccah Rovers ta Kano ta ci lig a 1978, kuma a watan Afrilun wannan shekara Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ta Brazil ya buga da ita a Kaduna. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin Afirka a 1990 ƙarƙashin Shuaibu Amodu. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992, Kaduna United ta ci a 2010, Kano Pillars ta ɗauki lig sau huɗu tsakanin 2008 da 2014. Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009. Tambayi saurayin da ke gidan kallo a Kafanchan ya lissafo maka 'yan wasan Manchester United na 1999, zai yi ba numfashi. Tambaye shi wa ya tsare wa Ranchers Bees raga a 1988, sai ya yi maka kallon baƙo. Ba laifinsa ba ne. Abin da aka rubuta shi ake tunawa.

Arewa ba ta rasa jarida ba kuma. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939, New Nigerian ta fito a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966, Aminiya ta zo a 2006. Dukansu sun ware wa wasanni gurbi, gidajen rediyo ma sun yi nasu ƙoƙari, har an samar da kalmomin da kowa ke amfani da su yau: bugun fenareti, satar gida, mai tsaron raga, bugun kusurwa, canjaras. Amma muryar rediyo iska ce, shafi ɗaya a mako kuma ba ya ɗaukar labarin jihohi goma sha tara.

Ga Kudancin Kaduna maganar ta fi nauyi. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun ƙarshen shekarun 1920, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos, ma'aikata daga kowace kusurwa suka zo da harsunansu da addinansu da ƙwallonsu. Amma yaushe sunan Kafanchan ke fitowa a manyan jaridu? A 1987, a 2011, a 2016 tare da Godogodo. Kullum a shafin gaba, kullum da adadin gawawwaki. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka babu abin da ake yi a nan sai makoki. Alhali kowace yamma, a filayen firamare daga Gidan Waya zuwa Jagindi, daga Kagoro zuwa Manchok, ɗan Bajju yana miƙa wa Bafulatani ƙwallo, ɗan Kaninkon yana rungumar Bahaushe don ya farke musu ci. A lokacin Kirsimeti da Sallah unguwanni suna shirya gasar kofi, 'yan kasuwa da 'yan siyasa suna sa kyauta, jama'a suna cika filin wasa na garin Kafanchan. Washegari babu inda aka rubuta wanda ya ci. Bayan shekara biyar ko waɗanda suka buga sai sun yi gardama a kan sakamakon.

Shafin baya shi ne wurin da gari ke iya fitowa a jarida ba tare da an mutu ba. Shi ne inda sunan ɗan manomi ke fitowa da manyan haruffa don ya yi abin kirki. Yankin da aka daɗe ana ba da labarinsa da baƙin alƙalami yana buƙatar wannan shafi fiye da kowa.

Abin da ya rage ga matasa

Zamani ya sauya. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, sannan intanet ta biyo baya, teburin mai jarida ya yi ta raguwa. Yau sakamako yana shigowa aljihu kafin alƙalin wasa ya sauke usur daga baki, ita kanta Complete Sports a intanet mutane da yawa ke karanta ta. Shagunan cacar ƙwallo sun mamaye inda masu karatun kyauta ke tsayawa, yaro yana bin wasan wata ƙungiya a ƙasar da bai san sunanta ba saboda ya zuba naira ɗari biyu a kanta. Wannan ba son wasa ba ne.

Amma sauyin ya zo da sauƙi ɗaya. Abin da ya ci wa Ojeagbase da matarsa tanadinsu a 1984, wato takarda da tawada da motar rarrabawa, yau ba a buƙatarsa. Waya ɗaya da shafin Facebook sun isa a fara. Harshe ma yana nan. Hausa ita ce ake ciniki da ita a kasuwar Kafanchan, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a coci, kuma mutanen yankin suna karanta ta tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Masu karatu suna nan. Marubuci ne babu.

Abin da ake buƙata shi ne abin da tsohon ɗan koyon ɗab'in nan ya riƙe: a je fili da kai, a rubuta suna daidai, a tabbatar da minti, a fito a kan lokaci kowane mako ko da mutum goma ne ke karantawa, kada kuma a karɓi kuɗin mai ƙungiya a canza labari. A nemi dattawan da suka buga wa ƙungiyoyin reluwe da na makarantu tun suna da sauran tunani, a ɗauki muryarsu, a ɗauki hoton tsofaffin hotunansu kafin gara ta cinye. A haɗa da 'yan gudu da 'yan dambe da 'yan kokawa da ƙungiyoyin 'yan mata. Wanda kuma zai shiga wannan aiki yana da iyali, ya ɗauki darasi na biyu: kada ya bar matarsa ko mijinta a bakin ƙofa, domin sana'ar da gida bai san cikinta ba, gida take fara ci.

Gidan waya, a Hausa, wuri ne da saƙo ke shiga ya kuma fita. Garin da ke ɗauke da wannan suna ya daɗe yana karɓar labarin wasu. A Kwalejin Ilimi da ke cikinsa akwai dubban matasa da suka yi karatun da Sunny Ojeagbase bai samu ba a ƙuruciyarsa, kuma kowannensu yana riƙe da maɗaba'a a tafin hannu. Ranar Asabar mai zuwa za a buga wasa a wani fili kusa da ku. Ɗaya daga cikinku ya je da biro da takarda, ya rubuto mana wanda ya ci.